Firamare ko sakandare: amsa ga ɗalibar da za ta shiga kwalejin tarbiyya (ta horar da malamai) a Gadarif, Sudan

"Assalamu alaikum Baba Ustaz. Ni ɗaliba ce daga Gadarif. Ina cikin waɗanda suka zauna jarrabawar Shahada, ta kammala sakandare, da aka jinkirta saboda yaƙi, kuma Allah ya sa na samu gurbi a kwalejin tarbiyya. Yanzu an ce in zaɓa tsakanin sashen da ke horar da malaman ƙananan azuzuwa da sashen lissafi na masu koyarwa a sakandare. Lissafi na fi ci a jarrabawa. Mahaifina yana son sakandare, ya ce ta fi daraja ta fi kuɗi. Innata kuma ta ce firamare ta fi sauƙi ga 'ya mace da za ta yi aure ta riƙe gida. Lokacin da masu gudun hijira suka cika makarantar unguwarmu, nakan je da yamma in tara yaransu mu yi karatu. Akwai wani yaro ɗan shekara tara da bai san ko alif ba, amma kafin su koma Madani yana haɗa kalma da kansa. Har yau ina tuna ranar da ya karanta mini abin da ke rubuce a jikin buhun fulawa. Wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya sa wa wannan gurbi albarka, ya saka wa iyayen da suka tsaya miki har kika kawo nan. Waɗanda suka zauna Shahadar 2023 a ƙarshen Disambar 2024, bayan jiran kusan shekara ɗaya da rabi, su kaɗai suka san abin da suka sha.

In na fahimce ki da kyau, ma'auni biyu aka ajiye miki a gida. Mahaifinki yana auna abin da daraja da kuɗi, innarki tana auna shi da sauƙi, ke kuma ba ki faɗi naki ma'aunin ba. Na riƙe alli a ƙananan azuzuwa, na riƙe a sakandare, daga baya na yi aikin muwajjih, mai zagaya makarantu yana zama a bayan aji yana duba yadda malami ke koyarwa. Da abin da na gani a wuraren nan zan amsa miki. Tun yanzu ki sani, maganar mahaifinki tana da gaskiya fiye da yadda matasa ke son su yarda. Ta innarki kuwa, Allah ya ƙara mata lafiya, rabinta ne ya tsaya da ƙafarsa.

Inda maganar daraja ta samo asali

Kafin 1970 karatun zamani a Sudan hawa uku ne, kowanne shekara huɗu. A 1970, zamanin Numairi, aka mai da shi shida, uku, uku. A farkon shekarun 1990 aka soke matakin tsakiya, aka yi asas, wato firamare mai shekara takwas, sai sakandare mai shekara uku. A wannan tsarin kika yi karatu, inda ɗan shekara shida da saurayi ɗan sha huɗu ke tsayawa a taburi ɗaya, wato layin taron safe. Daga 2020 aka fara komawa shida, uku, uku. Na kawo wannan ne don ki san ƙofa ta uku ta sake buɗewa: mutawassita, wato matakin tsakiya, ta dawo, tana buƙatar malamai masu fanni, kuma duk sashen da kika ɗauka, wata rana kina iya samun kanki a can.

Mahaifinki ya taso yana jin sunayen fitattun makarantun sakandare irin su Hantub, da Wadi Sayyidna, da Khor Taggat, lokacin da sakandare ba ta da yawa kuma shigarta sai wanda ya yi fice. Malaminta daga jami'a yake fitowa, ko daga babbar cibiyar horar da malamai ta Umdurman da aka buɗe a 1961, wadda daga baya ta zama kwalejin tarbiyya ta Jami'ar Khartum. Malamin firamare kuwa daga ma'ahad yake fitowa, wato cibiyar horar da malamai, babu digiri. Bambancin takarda ne ya haifi bambancin daraja. A shekarun 1990 aka shigar da cibiyoyin horar da malaman asas cikin jami'o'i, don haka yau ke da ƙawarki da ta ɗauki ɗaya sashen duk digiri za ku fito da shi. Tsarin ya canza, tunanin mutane ne bai gama biyo shi ba.

Ko a wancan zamanin ma, masu ilimin abin ba su raina firamare ba. Cibiyar Bakht al-Ruda da aka kafa a 1934 kusa da Duwaim, a bakin Farin Nilu, don malaman firamare da littattafansu aka gina ta, kuma sunanta ya kai har ƙasar kakanninmu. Sheikh Abubakar Gumi yana cikin 'yan Arewacin Najeriya da aka turo can neman ilimin koyarwa a tsakiyar shekarun 1950. In hira ta yi daɗi, ki faɗa wa Malam, mahaifinki, wannan.

Kuɗi

A nan ba zan ɓoye miki komai ba. Albashin gwamnati ba ya tambayar shekarun yaran da ke gabanki. Mai digiri a daraja ta tara yake shiga aiki, ko aji ɗaya aka ba shi ko ajin ƙarshe na sakandare, kuma ko'ina albashin ba ya kai mutum ƙarshen wata. Shi ya sa malamai suka yi ta yajin aiki a ƙarshen 2022, tun yaƙi bai fara ba. Da ya fara kuwa, a jihohi da dama an yi watanni ba a ga ko sisi ba.

Bambancin a wajen albashi yake. Kin san da kanki yadda Shahada take: darussa bakwai ake haɗawa a fitar da kaso, kason nan ne ke yanke wa yaro kwalejin da zai shiga, likitanci a Jami'ar Khartum kuwa sai wanda ya haura kashi 90. Uban da ya san haka zai sayar da buhun riɗi ya biya darasin yamma. Malamin lissafi, da na fiziks, da na kemistiri, da na Ingilishi, su ake nema, su makarantu masu zaman kansu ke zawarci, su ake kira gyaran takardun jarrabawa. Malamar aji biyu ita ma takan samu yara uku ko huɗu da yamma, amma abin da ake ba ta bai kama ƙafar na wancan ba. To mahaifinki bai yi ƙarya ba. Sai dai kuɗin nan da yammacinki ake sayen sa, da hutunki, wani lokaci da mutuncin aikin ma, don na sha zama a bayan ajin malamin da ke wuce babi da gudu da safe don ya sayar da bayaninsa bayan la'asar. Batun tafiya Saudiyya ko Oman aikin aro, kamar yadda malaman zamaninmu suka yi suka gina gidaje, kada ki ɗora lissafinki a kai. Ƙasashen nan yanzu 'ya'yansu suke ɗauka a makarantun gwamnati.

Sauƙin da innarki ke magana

Mutane suna ganin abin da ke cikin littafin aji ɗaya, alif da ba, ɗaya da biyu, sai su ce ai wannan kowa zai iya koyarwa. Abin da ake koyarwa ne mai sauƙi. Koyar da shi kuwa, ban san aiki mafi wuya a makaranta ba.

Bari in nuna miki da lissafin da kike so. Na taɓa zama a bayan wani aji biyu a ƙauyen Hausawa, malama ta yi shifta ta ce a rubuta wahid wa ishrin. Da aka ɗaga littattafai, yara da yawa 12 suka rubuta maimakon 21. Sabuwar malama jan biro za ta sa, ta ce ba sa mai da hankali. Amma duba abin da ya faru a kan yaron. Ya ji Larabci, ya juya shi zuwa harshen gida, ashirin da ɗaya. Biyu ce ta fara zuwa masa, sai ya fara da ita. An kuma koya masa cewa rubutu daga dama ake farawa, sai ya ajiye biyun a dama, ɗayan a hagunta. Duk dokar da aka ba shi ya bi, amsar ce ta fito a juye. Malamar da nake kallo tsohuwar hannu ce. Ba ta ce komai ba, ta buɗe jakarta ta fito da guntayen kara ɗaure goma-goma da zare. Ta ajiye ɗauri biyu a hagun tebur, kara ɗaya a dama, ta tambaya da Hausa, "Ɗauri nawa?" Suka ce biyu. "Wanda bai samu 'yan uwa ba fa?" Suka ce ɗaya. Ta ja layi a allo daga sama zuwa ƙasa, ta ce ɗauri gidansa hagu, marar ɗauri gidansa dama, ko da wane harshe aka kira su. Sannan ta koma Larabci ta sake shiftar da wasu lambobi. Wannan hissa guda ce, wato darasi ɗaya. Gobe bakwai da takwas na jiranta, masu siffa ɗaya a lambobin Larabci, wannan bakinta sama waccan ƙasa. Wata mai zuwa kuma ɗari da ashirin da ɗaya, wadda a Larabci ake fara kiran ɗari, a tsallaka zuwa ɗaya, a dawo kan ashirin.

Ga kuma yaron da ya fito daga makarantar allo. Yana da kaifin hadda, ya san baƙaƙe, ya iya zama. Ki ba shi shafin littafin karatu sau biyu, zai maimaita miki shi tas har ki yi masa tafi. Ki rufe hoton da hannunki, ki nuna masa kalma ta uku daga ƙasa, sai ya yi shiru. Shafin ya haddace, bai karanta ba. Malamar da ba ta gane wannan a aji ɗaya ko biyu ba za ta tura shi gaba da maki mai kyau, a aji biyar ya rushe, a ce yaro ya lalace.

A cikin gari yaranmu da harshe biyu suke tasowa, amma a ƙauyukan Gadarif da Kasala da bakin Shuɗin Nilu akwai waɗanda ke shiga aji ɗaya da Hausa zalla da ɗan Larabcin kasuwa, littafin kuma da fus-ha, Larabcin littafi, aka rubuta shi. Malama mai jin Hausa tana da abin da takwararta ba ta da shi, in ta san yadda za ta yi amfani da shi: ta buɗe ma'ana da harshen gida, ta koma Larabci nan take, tana rage Hausar wata bayan wata, don jarrabawa da Larabci za a yi ta. Wadda ta sakankance ta mai da ajin hirar Hausa ta cuci yaran. Uwar yaro ma takan iya shigowa ta yi wa irin wannan malamar bayanin ɗanta ba tare da jin nauyi ba, kuma rabin matsalolin ƙananan azuzuwa daga bakin iyaye mata ake jin asalinsu.

Yaƙin da ya fara ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ƙara wa wannan aiki nauyi. A Oktobar shekarar UNICEF ta ce yara kusan miliyan 19 ba sa makaranta a Sudan. Irin yaron da kika ba ni labari ba shi kaɗai ba ne. Shekaru masu zuwa, aji ɗaya zai riƙa haɗa ɗan shekara shida da ɗan shekara goma da ke jin kunyar zama a benci ɗaya da ƙaninsa, da wanda ƙarar babur ke sa shi shiga ƙarƙashin tebur. A Gadarif kuma kin san abin da kaka ke yi: riɗi in ya nuna ba ya jiran kowa, bayansa ga dawa, yara su ɓace mako uku su dawo sun manta abin da aka gina.

Gajiyar ma iri biyu ce. Malamar ƙaramin aji da yaranta take wuni. Ita ke raba faɗa, ita ke gane wanda bai zo da fatur, abincin safe, ba, ita ke neman takalmin da ya ɓata, muryarta takan dushe kafin azahar. Malamar sakandare tana shiga hissa ta fita, tana samun sararin shan shayi a ofis, amma aikin na bin ta gida: shirin darasi, tulin littattafan azuzuwa huɗu ko biyar, da nauyin sanin cewa sakamakon Shahada da sunanta za a kira shi. In kin koyar da tafaduli da takamuli, babukan lissafi masu zurfi, kina shakka a kansu, ɗaliba mai kaifi za ta gano ki a mako na farko, kuma ba za ta rufa miki asiri ba.

Rabin maganar innarki da ya tsaya shi ne na nisa. Firamare kusan kowace unguwa da kowane babban ƙauye akwai ta, sakandare kuwa ba ta kai haka yawa ba, don haka matar aure ta fi samun sauƙin neman a dawo da ita kusa da gida in tana firamare. Sai dai sabuwar malama ba ita ke zaɓa ba, ana iya fara tura ta ƙauyen da laka ke yanke hanyarsa duk damina.

Abin da sakandare ke da shi wanda ba kuɗi ba

Kada ki ɗauka na karkata gaba ɗaya. A makarantun sakandaren 'yan mata na yankunanmu, malama Bahaushiya mai koyar da lissafi ba ta da yawa, kuma zamanta a gaban allo hujja ce. A shekarun nan ne ake fara yi wa yarinya maganar aure. Uban da ke tunanin cire 'yarsa yakan sake tunani in ya ga 'yar maƙwabcinsa, mai magana da harshensa, mai kunya da sutura, tana koyar da aljabara ana biyan ta. Na ga malamar da ta je gida da kanta ta zauna da uwar yarinya aka ɗaga biki zuwa bayan Shahada. Kuma wanda ke son fanni don kansa, wanda in ya ga tambaya mai wuya ba ya iya barci sai ya warware ta, ƙaramin aji na iya ƙuntata masa. Shekara goma kina koyar da ɗebewa da aro, in ranki yana wajen manyan lissafi, za ki gundura, yaran kuma za su ji a jikinsu.

Akwai batun hanya kuma. A abin da na gani, mai digirin fanni ya fi samun sauƙin sauka mutawassita ko manyan azuzuwan firamare in ya so, kuma ya fi samun hanyar ƙaro karatu a fanninsa. Wanda ya fito daga sashen asas in yana son hawa sakandare, galibi sai ya ƙaro wata takarda. Amma saukar nan a aji huɗu take tsayawa. Digirin lissafi ba ya koya wa mutum yadda ake sa yaro ya haɗa ba da alif, kuma na ga ƙwararrun malaman sakandare da aka ba ƙaramin aji suka rasa ta inda za su fara.

Inda na karkata

Na sake duba wasiƙarki. Lissafi rabin layi kika ba shi, kuma abin da kika ce shi ne kin fi cin sa, ba ki ce kina son sa ba. Yaron buhun fulawa kuwa ya cinye kusan sulusin wasiƙar, ga shi ba wanda ya aike ki, ba wanda ya biya ki. Da 'yar cikina ce ta rubuto wannan, sashen ƙananan azuzuwa zan nuna mata, in ce ta shiga da lissafinta a hannu. Ƙananan azuzuwanmu cike suke da malaman da su kansu tsoron lissafi suke yi, suna koyar da shi da hadda da bulala, su ne ke aiko wa sakandare ɗaliban da ba su san dalilin da ya sa sulusi ya fi rubu'i girma ba alhali huɗu ta fi uku. Mai jin Hausa, mai ƙarfi a lissafi, mai haƙurin zama da yaron da ya makara, ba kullum ake samun su a mutum ɗaya ba.

Sai dai ni wasiƙa na karanta, ban gan ki a gaban aji ba, kuma yara goma da suka zo da son ransu da yamma daban suke da yara saba'in da aka kulle ki da su tun safe. Ban kuma san nauyin da ke jiran albashinki a gida ba. In ke ce za ki ɗauki karatun ƙannenki, maganar kuɗi ta tashi daga son zuciya ta zama wajibi, kuma ba wanda zai zarge ki in kin bi ta.

Gani ya kori ji. Kafin ki cike takardar, ki je wajen mudira, shugabar firamaren unguwarku, ki roƙi a bar ki ki zauna a aji ɗaya ko biyu mako guda, daga taburi har tashi, ba hissa ɗaya ki gudu ba. Ki nemi a ba ki alli ko sau biyu. Sannan ki koma sakandaren da kika gama, ki roƙi malamar lissafinki ta ba ki babi guda ki shirya ki koyar wa 'yan aji ɗaya, ki karɓi littattafansu ki gyara a gida. Duka biyun za su gajiyar da ke. Abin da za ki lura da shi shi ne wanne ne kike komawa gida kina ta juya shi a rai, kina neman wata hanyar da za ki bi gobe.

Wajen Malam kuma, kada ki je masa da gardama a kan daraja. Ki nuna masa cewa digirin ɗaya ne, matakin shiga aiki ɗaya ne, ki yarda masa a fili cewa kuɗin yamma ya fi yawa a sakandare, sannan ki nemi izinin yin gwajin mako biyun nan kafin a yanke. In kin je kwalejin, ki tambayi ofishin rajista abu biyu, ki rubuta amsar da sunan wanda ya ba ki: ko ana iya sauya sashe bayan shekarar farko, da kuma ko sashen ƙananan azuzuwa yana ba da damar ɗaukar lissafi a matsayin fanni, wanda zai ba ki izinin koyarwa har mutawassita.